Metallica: wane faifai za ka saya, na kafin sauya salo ko na bayansa?

Duk inda masoya kiɗan metal, wato nau'in kiɗan rock mai nauyi da ƙara, suka zauna aka ambaci Metallica, gardama ɗaya ce ke tashi: yaushe ƙungiyar ta fara ja da baya? Wani ya ce 1991, wani ya ce 1996, wani ya rantse sai 2003, akwai ma 'yan gani-kashe-nin da suka fara kukan cewa ƙungiyar ta sayar da salonta don kuɗi tun 1984. Ga wanda ya riƙe kuɗinsa zai sayi faifai, wannan gardama tana da amfani, muddin ya raba abubuwa uku da masu musun ke cakuɗawa: salon kiɗan, ingancin waƙoƙin, da yadda aka naɗi sautin. Faifai yakan sauya salo kuma ya yi kyau. Wani kuma yakan tsaya kan tsohon salo amma a lalata shi a sitidiyo. Kuɗin mai saye ya fi salwanta a na biyun.

Salon da ake kira thrash shi ne ganga mai tsananin sauri, da jita da makaɗi ke danne igiyoyinta da gefen tafin hannu yana bugunsu ƙasa-ƙasa, da waƙa mai sassa da yawa wadda ke sauya tafiya a tsakiya. James Hetfield, mai rera waƙa da kaɗa jita, da Lars Ulrich, makaɗin ganga, suka kafa ƙungiyar a Los Anjalas a 1981, kuma kundaye huɗu na farko ne ke kan wannan turba.

Kill 'Em All na 1983 ɗanye ne. Muryar Hetfield ba ta nuna ba tukuna, sautin siriri ne, saurin kuwa ba a magana. Na mai son tarihi ne, ba shi za a fara da shi ba. Wanda zai sayi faifai ɗaya tak, zaɓinsa yana tsakanin Ride the Lightning na 1984 da Master of Puppets na 1986. Duka biyun a sitidiyon Sweet Silence da ke Kopenhagen a ƙasar Danmak aka naɗe su tare da furodusa Flemming Rasmussen, kowanne waƙoƙi 8, kuma duka akwai hannun Cliff Burton a jitar bes, wato jita mai zurfin sauti, da tsarin amo. Na 1984 ya fi amsa-kuwwa a sauti, ya kuma fi gajarta, kimanin minti 47. A cikinsa ne waƙar nan mai sanyi, Fade to Black, ta fito, wadda ta jawo zargin farko na cewa sun yi laushi. Na 1986 ya fi tsauri, jitocin sun fi kauri, kusan minti 55 babu waƙar cike gurbi ko ɗaya. Mu dai shi muke cewa a fara da shi. Har ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin rijistar sautukan da ake adanawa saboda muhimmancinsu.

Burton ya rasu a hatsarin bas a Suwidin ranar 27 ga Satumba 1986, Jason Newsted ya maye gurbinsa, kuma a nan ne mai saye zai fara taka-tsantsan. Kundin 1988, ...And Justice for All, shi ne mafi sarƙaƙiya a rubutu: waƙoƙi 9 a minti 65, biyu daga ciki sun kusa minti goma-goma. Matsalarsa ita ce wajen haɗa sauti an rage bes har kusan ba a jinsa, gangar ta bushe ƙayau. Mutane da dama sun sayi sabon bugun 2018 da zaton an maido da bes ɗin. Ba a maido ba. Abin da aka yi shi ne goge sautin da aka riga aka haɗa, ba sake haɗa shi daga tushe ba, kuma goge sauti ba ya iya ɗaga kayan kiɗa guda ɗaya da aka binne tun farko. Saboda haka in kana da tsohon bugu mai kyau, kada ka sake kashe kuɗi don neman bes. Ƙara maɓallin bes a na'urarka ma ba zai yi magani ba, ƙasan jita da babbar ganga kawai zai kumbura.

Sai 1991, inda akasarin musun yake. Kundin da ke ɗauke da sunan ƙungiyar, wanda kowa ke kira Black Album saboda baƙin bangonsa, ya fito ranar 12 ga Agusta, furodusansa Bob Rock. An rage gudu, an gajarta waƙoƙi, an gina kowacce kan zubin jita ɗaya ko biyu maimakon biyar ko shida, Hetfield ya koma rerawa a maimakon ihu. Masu cewa a nan aka bar thrash gaskiyarsu ne, an bar shi. Amma cewa a nan inganci ya faɗi, wannan ba mu yarda ba. A duk kundayensu babu wanda aka naɗa da kyau kamarsa: babbar ganga tana da nauyi, bes ɗin Newsted ya fito sarari, murya ta zauna a tsakiya daram. An kashe kusan dala miliyan ɗaya a kansa, ya kuma sayar da kwafi sama da miliyan 16 a Amurka kaɗai. Wanda bai saba da metal ba, ko wanda ke son faifan da zai gwada lasifika da shi, wannan ne nasa. Wanda sauri ya kawo shi kuwa, waƙa biyu ko uku kawai za su gamsar da shi cikin 12.

A ganinmu raunin gaske ya fara ne da Load na 1996 da Reload na 1997. Surutun da aka yi a lokacin ya fi karkata kan aske dogon gashi da sauya tambarin suna, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. An sassauta igiyoyin jita da rabin mataki, an shigo da ɗanɗanon kiɗan blues da na kiɗan kudancin Amurka, kuma wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Laifin shi ne rashin tacewa. Load waƙoƙi 14 ne a minti 78 da daƙiƙa 59, ya cika faifan CD har sai da aka datse ƙarshen waƙar rufewa don ta shiga. Reload ya ƙara 13. Waƙoƙi 27 ke nan, sama da awa biyu da rabi, waɗanda da an zaɓi goma sha biyu mafi kyau a cikinsu da an sami kundi ɗaya mai ƙarfi. Sautin nasu lafiya lau yake, mai ɗumi da faɗi. Shawarar a nan ita ce ka saurare su a Spotify ko YouTube tukuna, in ka ga waƙoƙin da suka kama ka sun kai rabi, sai ka saya. In ɗaya za ka ɗauka, Load ya fi.

St. Anger na 2003 a ajiye shi can ƙarshe. Newsted ya riga ya bar ƙungiyar a 2001, Bob Rock ne ya kaɗa bes. Ulrich ya saki wayoyin da ke ƙasan ƙaramar gangarsa, sai take ƙara kamar ana dukan garwa, tun daga waƙar farko har ta ƙarshe, minti 75. Babu solon jita, wato wurin da jita ɗaya ke fitowa gaba ta yi nata kiɗan, ko ɗaya. Yana da masu kare shi saboda zafin ran da ke cikinsa, amma kada kowa ya saye shi bai ji ba.

Death Magnetic na 2008 shi ne ya fi ban takaici, domin a rubutu an dawo hanya: sauri ya dawo, solon makaɗin jita Kirk Hammett ya dawo, Robert Trujillo yana kan bes, Rick Rubin ne furodusa. Sai aka matse sautin aka ɗaga ƙararsa har ya wuce iyakar da faifan dijital ke ɗauka. Idan haka ta faru, kan kowane bugun ganga yakan yanke, kunne ya ji wani tsartsar a inda ya kamata ya ji nauyi, bayan minti ashirin ya gaji. Ba lasifikarka ce ta fashe ba, a jikin faifan abin yake, kuma rage ƙara ba ya gyara shi. Masoya sun gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na CD tsabta, abin da ya jawo koke mai yawa. An fitar da gyararren bugu na dijital daga baya wanda ya fi sauƙi a kunne, shi ya kamata a nema, ba CD na 2008 ba. Hardwired... to Self-Destruct na 2016 da 72 Seasons na 2023 sautinsu ya fi wannan tsabta, sai dai kowanne minti 77 ne, tsohuwar cutar tsawo ba ta warke ba.

Game da nau'in faifan kansa, CD ya fi faifan garmaho araha da juriya, kuma tsofaffin bugu na kundayen 1984 zuwa 1991 ba su da wani aibi, banda matsalar bes ta na 1988. Tun 2012 ƙungiyar ke riƙe da haƙƙin naɗe-naɗenta a ƙarƙashin kamfaninta, Blackened Recordings, wanda ya sake fitar da na 1983 da 1984 a 2016, na 1986 a 2017, Black Album a 2021. Manyan akwatunan da ke zuwa da waɗannan bugu cike suke da naɗin gwaji da na dandali, na mai tarawa ne, ba na mai fara saye ba. Kafin ka biya kuɗin CD, juya bayansa: na asali azurfa ne, wanda aka kwafa a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Duba zoben tsakiya ka ga lambar masana'anta. Bugun da aka yi daga wajen 1994 zuwa sama yakan ɗauki ƙaramar lamba mai farawa da haruffan IFPI a wurin, amma rashinta a faifan da ya girmi wannan shekara ba alamar jabu ba ce.

Faifan garmaho kuma yana da nasa lissafin. Master of Puppets a faifai ɗaya yana nufin sama da minti 25 a kowane gefe, dole a matse layukan, ƙarar ta ragu, waƙar da ke kusa da tsakiya ta fi saurin dushewa. Justice da Black Album faifai bibbiyu suke zuwa, don haka tabbatar duka biyun suna cikin bangon in na hannu ne. Nemi wanda mai sayarwa ya yi wa daraja VG+ (mai kyau ƙwarai) ko NM (kusan sabo), ka kuma ce ya turo hoton faifan a kwance kan tebur don ka ga ko ya lanƙwashe. Zafi ne babban abokin gabarsa: a jera shi a tsaye, nesa da taga, kada a bar shi cikin mota ko na awa ɗaya a watan Afrilu.