Man kariyar rana mai sinadarin zink: ya karɓi fatata, amma mai launi nake saya

Fatata ba ta son wasa. Yawancin mayukan kariyar rana da na gwada, da zarar gumi ya gangaro daga goshi sai ido ya ɗauki raɗaɗi, kumatu su kama ƙaiƙayi. Abin da ya kai ni ga mai ɗauke da sinadarin zink ke nan, wanda a jikin kwalba ake rubuta shi zinc oxide. Shi ne farin sinadarin nan da ke cikin man da ake shafa wa jarirai idan ƙunzugu ya cinye musu fata. Tun da na koma gare shi idona bai sake yin yaji ba, ƙuraje kuma ba su taso ba.

Hasken rana mai cutarwa iri biyu ne: UVB mai ƙona fata, da UVA mai ratsawa ciki ya tsufar da ita, ya kuma ƙara wa tabo duhu. Zink yana tare su duka biyun. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da daftarin ƙa'ida, kuma cikin sinadarai 16 da ta duba, zink da titaniyam kaɗai ta ce akwai isasshiyar hujjar amincinsu da ingancinsu. Wannan ya kwantar min da hankali sosai, tunda abu ne da zan riƙa shafawa kullum.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne ga mai baƙar fata: fari. Wanda na fara saya, ko na murza iya murzawa sai fuskar ta fito fururu kamar an shafe ta da toka, ya taru a gira da gefen hanci, a hoto kuwa abin ya fi muni. Haɗarin shi ne mutum ya rage shafawa don kada ya yi fari, alhali lambar SPF da ke jikin kwalba, mai nuna ƙarfin kariyar man, an auna ta ne da miligiram 2 a kan kowace murabba'in santimita ta fata. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, amma fa sai an shafa isasshe, wato a matso man a tsawon yatsu biyu don fuska da wuya.

Mai launin fata ne ya raba min gardama. Ana haɗa shi da sinadarin ƙarfe mai ba shi launin ƙasa, wanda kuma yake tare hasken da ido ke gani, domin shi ma wannan hasken yana ƙara baƙin tabo a fata mai duhu. Ina shafa rabi, in bari ya zauna, sannan in ƙara sauran. Tabbunan da ƙuraje suka bar min a haɓa sun daina ƙara duhu, a hankali suna dusashewa.

Yana da nauyi a ranar zafi, yana ɓata wuyan farar riga, kuma ruwa kaɗai ba ya fitar da shi da dare, sai da sabulun fuska. Idan ana waje, a sake shafawa bayan awa biyu ko bayan gumi mai yawa. Kafin ku saya, ku gwada launin a gefen muƙamuƙi, ku fita ku duba a hasken rana, domin fitilar cikin ɗaki tana ɓoye farin.