Soyayyar Aljani ko ta Zahiri: Wane Littafi Za Ki Ɗauka?

'Yan'uwa mata sun sha tambayata: littafin soyayyar aljani da 'yar'adam mai kashi-kashi, ko na soyayyar zahiri?

Wajen riƙe mai karatu, na aljanin ya yi zarra. Saurayi ya bayyana a ɗaki ƙofa na kulle, ƙamshin turare ya gauraye ko'ina, duk wanda ya zo zance wurin yarinyar ya kwana da zazzaɓi. Ki ce bari ki karanta shafi ɗaya, sai ki ji kiran assalatu. Amma daga kashi na uku labarin kan fara jan ƙafa. Duk inda marubuciya ta maƙale, sai ta ƙirƙiro sabon sihiri. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ƙawata shafar aljanu, alhali a gidajenmu ruƙiyya ake nema wa mai ita.

Kuɗi ma yakan ci, domin a WhatsApp farkon ne kyauta, sauran sai an biya.

Na zahirin kishiya ce, uwar miji da auren dole. Yakan gundura don kin san inda za a ƙare, sai dai darasinsa kan daɗe a zuciya.

Mai son nishaɗi, wadda ba ta da tsoron dare, na aljani ya dace da ita. Mai neman abin da zai amfane ta a zaman aure, ta ɗauki na zahiri.