Windows ko Linux don buga gem: amsa ga ƙanenmu mai HP Pavilion

Ƙanena na ga tambayarka tun jiya da dare, cewa tunda an ce mashin ɗinka ba ta ɗaukar Windows 11, Windows za ka ci gaba da shi ko Linux za ka sa don buga gem, forfe ne ya ƙare mini shi ya sa sai yanzu. Wanda ya ce maka mashin ɗinka ba ta ɗaukar Windows 11 bai yi ƙarya ba, i5 ɗin naka ɗan ƙarni na 7 ne, su kuma daga na 8 suke karɓa a hukumance kuma sai da TPM 2.0, wani ɗan ɓangaren tsaro a cikin mashin, ga shi Windows 10 an daina ba shi mizajur na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. To ni dai Linux Mint nake kai, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, sistem ɗin da ke iya maye gurbin Windows, yau shekara biyu da 'yan watanni, kuma shi zan ce ka sa, amma ka karanta har ƙasa don akwai inda zai ba ka haushi.

Tawa tsohuwar inite ce da na haɗa da kaɗan kaɗan, i5 na ƙarni na 6, RAM giga 8, da kart girafik RX 570 okaziyo. Ranar da na sa mata Mint da bazara ne, ana wannan zafin na Afrilu da ko fanka iskar wuta take hurawa, na ɗauko ta na kawo fadarmu nan Ali Ɗan Sofo bayan isha'i, 'yan fada suna ta yi mini dariya wai na lalata mashin, wai Linux na 'yan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne masu rubuce-rubuce cikin baƙin ekaran. Ban ce musu komai ba. Na jona maneti biyu na PS4 da waya, ko DS4Windows da ake sawa don manetin PS4 a Windows ban nema ba, nan take ta gane su, na buɗe Steam, shagon gem na intanet, na danna gem ɗin ƙwallo PES 2021 ta tashi. Kafin a sauke shayi na biyu mai dariyar da ya fi kowa baki ya sha huɗu da nema a hannuna da Barça, ya ce wai maneti ne bai saba da shi ba. Har ƙarfe biyu muna nan, sai da aka ɗauke kuran sannan muka watse. Tun daga ranar babu wanda ya sake kiranta mashin ɗin 'yan lakkwal.

Abin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne Proton, kamfanin Valve masu Steam suka fito da shi a 2018, a kan wani tsohon aiki da ake kira Wine suka gina shi. Gem ɗin Windows yana magana da yaren DirectX, shi kuma Proton kamar tafinta ne, yana juya maganar zuwa Vulkan wanda Linux ke ji, gem ɗin bai ma san ya bar gida ba. Kuma ba aikin sa kai kawai ba ne, na'urarsu Steam Deck da ta fito a 2022 da Linux take tafiya, don haka abincinsu ne a ciki, dole su riƙa gyarawa. Ni da hannuna na gama The Witcher 3 a kai, na buga Tekken 7 da Mortal Kombat 11 da labarin GTA V, Counter-Strike 2 da Dota 2 kuwa 'yan gida ne kuma kyauta, ba su ma buƙatar tafinta. Sannan in kai mai kewar PS2 ne irina, PCSX2 mai buga gem ɗin PS2 a mashin da PPSSPP mai buga na PSP suna nan lafiya lau.

Wani abin da ban zata zai yi mini daɗi haka ba shi ne maganar kile. Ka san cutar nan ta rakursi, ka ba mai fotokofi kile ɗinka minti biyu ya dawo maka da dukkan dosiyenka sun koma gajerun hanyoyi. A Mint in na soka irin wannan kile sai in ga ƙwayar cutar zaune tsirara kamar kowane fishiye, ba ta iya motsi, in goge ta in fito da kayan mutum. Yanzu rabin unguwa ni suke kawo wa, har wata gwaggona mai aikin koyarwa. Kuma mizajur ba ya sauka sai ka danna da kanka, wanda ke lissafin mega kamar yadda muke yi nan ya san darajar wannan.

Windows kuwa, to, yana aiki, kusan duk gem ɗin PC don shi aka yi, ba zan yi mishi ƙarya ba. Ni dai abin da na tuna da shi jika goma da na ba wani mai shago wai lasisi orijinal har abada, wata uku rubutun nan mai cewa a aktibe Windows ya dawo mini a ƙasan ekaran, na koma ya ce ai ni na taɓa wani abu.

Yanzu ga inda Linux zai ba ka haushi, kuma in wani ya ɓoye maka wanga ba masoyinka ba ne. Wasannin intanet masu ɗan sandan hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar sistem ba su yarda da Linux. Valorant ba ya yi, Fortnite ba ya yi, PUBG na PC ba ya yi, Call of Duty sababbin nan haka, EA FC, wato tsohon FIFA, ma haka, kuma na san a Maradi wannan na ƙarshen shi ne zai fi yi wa mutane zafi. Apex Legends da yana yi, suka rufe ƙofa a ƙarshen 2024, GTA Online ma a shekarar aka sa mishi irin wannan ɗan sanda mai suna BattlEye ya daina, labarin kawai ya rage. Kuma in Free Fire ko PUBG Mobile kake bugawa ta GameLoop ko BlueStacks, masu buga gem ɗin salula a mashin, ka manta, babu su a Linux. Kada ka ɓata darenka kana bin bidiyon YouTube masu cewa ga dabara, masu gem ɗin ne da kansu suka hana, ba wani abu ne ya lalace da za ka gyara ba. Kafin ka taɓa komai ka rubuta wasanni biyar da ka fi bugawa ka shiga ProtonDB, shafin da ake ba kowane gem maki kan yadda yake tafiya da Proton, ka duba su ɗaya bayan ɗaya, Platinum da Gold ka kwantar da hankalinka, Silver sai da 'yan dabaru, Borked kuwa a kai kasuwa.

Sai kuma kart ɗinka. Ni na ci sa'a tawa AMD ce, direbanta yana zuwa cikin Linux ɗin tun asali, ban sa komai ba. Taka GTX 1050 ta Nvidia ce, sai ka buɗe Driver Manager na Mint bayan ka gama ansitale ka zaɓi wanda suka ba da shawara ka sake kunnawa, in kuma ta ƙi gane kart ɗin to yawanci Secure Boot ne, ka shiga BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunna mashin, ka kashe shi. Wasannin DirectX 11 da na baya za su yi maka daidai, amma sababbin masu DirectX 12 a kan irin waɗannan GTX 10 sun fi gudu a Windows, wannan gaskiya ce, ko da yake da giga 2 ko 4 na kart ɗin nan dama ba su ne abincinka ba. Wasu za su zo ƙarƙashin nan su ce maka Bazzite ko Nobara, wasu nau'o'in Linux ɗin ne, suna da kyau, don gem aka yi su, amma Bazzite nauyin saukewarsa ya ninka na Mint, kuma in ka maƙale samun wanda zai taimake ka a garin nan wuya. Mint bai wuce wajen giga 3 ba, fuskarsa kamar Windows 7, kuma jerin 22 ɗin nan suna da tallafi har 2029.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, tunda na ji kana maganar ƙara kaya. Ka yi hattara da wasu masu sayar da mashin, nan kasuwa ko waɗanda ke shigo da su ta Ɗan Isa. Za a nuna maka takardar Core i7 manne a jiki a ce jirgi ce, alhali i7 ɗin na ƙarni na 3 ne, i5 ɗinka ya fi shi. Za a buɗe maka wani shafi a nuna maka girafik giga 8, ashe RAM ɗinka ne aka ara aka lissafa, kart ɗin kanta Intel HD ce, kuma tsofaffin nan irin HD 4000 Vulkan ɗinsu bai cika ba, Proton wahala kawai zai ba ka. Mafi muni su ne kart ɗin da aka canza wa suna daga ciki, tsohuwar GTS 450 a ce maka GTX 1050 Ti ce, kwali sabo fil. Ka tafi da GPU-Z, ɗan lojisiyel mai nuna bayanan kart, a kile ɗinka, yana tona da yawansu, kuma ka sa gem mai nauyi ta yi minti ashirin a gaban mai shagon, in ya fara cewa sauri yake ko kuran zai tafi, ɗauki kuɗinka ka fita. Wanda kuma ya ce zai sayar maka da Linux orijinal ɓarawo ne da rana tsaka, kyauta ne, ladan aikin sakawa kawai za ka ba mutum in ya yi maka.

To ga abin da za ka yi. Kada ka formate komai. Sayi SSD ko da giga 256 ne, Pavilion irin taka yawanci tana da gurbin M.2 ban da babban diski, ka buɗe ka tabbatar kafin ka biya. Sa Mint a kan sabon, ka bar Windows 10 a tsohon diski don FC da Free Fire kawai, kada ka riƙa shiga asusunka na kuɗi ta can. Wajen sakawa ka zaɓi kilabiye na Faransanci in naka AZERTY ne, in ba haka ba kalmar sirrinka za ta rikice tun ranar farko. Wasannin Steam ka ajiye su a ɓangaren Linux, kada ka ce za ka buga su daga diskin Windows mai NTFS, nan ne rabin masu cewa Proton ba ya aiki suke faɗawa. Waɗanda ba na Steam ba, ka buɗe su da lojisiyel ɗin Lutris ko Heroic. Kuma ka shiga saitin saukewa na Steam ka kashe shader pre-caching in da forfe kake, don yana jan mega a ɓoye kamar ɓera a rumbu.

Abu ɗaya zai ɗaure maka kai, duk sanda ka fito daga Mint ka shiga Windows za ka ga agogo ya koma baya da awa ɗaya, saboda Linux yana ajiye lokacin Girinwic mu kuma muna gaba da awa guda. Ni sai da na kusa makara la'asar kafin na gane. A Mint ka buɗe taminal, baƙin ekaran ɗin nan na rubuta umarni, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1 shi ke nan. In ka ga abin zai yi maka yawa ka zo fada ran Asabar bayan magariba da mashin ɗin da sharjarta, Mint ɗin yana kile ɗina ba sai ka ƙona forfe ba, sukari da ganyen shayi dai naka ne.