Gugar burushi a jikin ƙarfe: wane kayan aiki ya cancanci kuɗinka?

Ƙarfen nan da ake gani a ƙofar lif, ko jikin firij, ko makarin benen otal, mai siraran layuka da suka miƙe duk gefe guda, shi ake cewa an yi masa gugar burushi. Ba ya ƙyalli irin na madubi, amma yana ɓoye ƙananan ƙarce, shi ya sa masu gini ke nemansa. Matsalar ita ce masu walda da yawa suna karɓar aikin da kayan da ba za su taɓa fitar da shi ba. Kyan wannan guga gaba ɗaya yana kan abu guda: layukan su miƙe, su kuma zo iri ɗaya daga farkon ƙarfe zuwa ƙarshensa. Da wannan ma'aunin za ka auna duk injin da aka tallata maka.

Giranda ce kowa ke da ita, ita ce kuma ta fi ɓata aikin. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyi kusan sau 11,000 a minti, kuma zagaye take yi, saboda haka zanen da take bari lanƙwasasshe ne. Komai ƙwarewar hannunka, idan haske ya bugi ƙarfen sai an ga shatin baka-baka. Ga zafi: sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa wanda aka fi yi wa wannan guga, ba ya saurin watsa zafi, wurin sai ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi. Amfaninta a nan shi ne kwantar da tudun walda da faifan samfefa mai lamba 60 ko 80, daga nan a ajiye ta.

Injin da ya dace da ƙaramin shago shi ne mai ganga. Kamarsa ɗaya da giranda, sai dai a bakinsa akwai gangar samfefa ko ta soson nailan mai faɗin milimita 100, wadda ke birgima a kan ƙarfe, layinta kuwa a miƙe yake fita. Kada ka sayi wanda ba a rage masa gudu. Mafi yawan aikin a hankali ake yinsa, kuma soson nailan yana narkewa ya bar baƙin dabbare idan gudun ya yi yawa. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, domin yini za ka yi kana jansa gaba da baya. Kafin ka biya, ka zaga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko duk kasuwar da kake saye, ka tabbata ana samun gangar da ta shiga sandarsa. Injin da ba a samun gangarsa ya zama kayan ado.

Idan yawancin aikinka bututun makarin bene ne, ganga ba za ta gamsar da kai ba, tunda layi ɗaya kawai take taɓawa a jikin abu mai zagaye. Akwai injin bel ɗin samfefa da ke naɗe mafi yawan jikin bututu a lokaci guda. Shi ne maganin wannan aikin, amma bai da amfani a kan fallen ƙarfe. Babban injin bel kuwa, wanda ake tura falle ta wannan gefe ya fito ta wancan, na masana'anta ne mai wuta layi uku da aikin yau da gobe. Mai aiki da ƙaramin janareta ya manta da shi.

A ganina, ga mai haɗa kantar shago, teburin kicin ko ƙofa, hanya mafi araha ita ce ya sayi fallen da aka riga aka goge daga kamfani, ya bar injin ganga don gyaran wuraren walda. A tsarin Amurka na ASTM A480 sunan wannan guga lamba 4, kuma yawanci da samfefa tsakanin 120 da 180 ake yinta. A tsarin Turai na EN 10088-2 za ka ga 2G, 2J ko 2K. Sai dai lamba 4 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. Ka sayi fallayen aiki ɗaya a lokaci ɗaya, ka ɗan ɓare ledar da ke kansu ka jera su a rana ka duba. Layin yana bin tsawon falle, don haka ka tsara yankanka tun kafin saye. Ƙofa biyu da ke kusa da juna, ɗaya layinta a tsaye ɗaya a kwance, launinsu ma sai ya bambanta a ido. Ledar kuma kada ta daɗe a rana, gam ɗinta yana kamawa.

Samfefa mai arha ta alminiyam oksaid tana saurin mutuwa a kan sitenles, idan ta dushe kuma sai ta koma ƙona ƙarfen. Ta zarkoniya ko ta siramik ta fi tsada, ta fi kuma daɗewa. Don shafar ƙarshe, soson Scotch-Brite ja ko mai ruwan toka, a naɗe a jikin katako a ja shi gefe guda, yana haɗe wurin gyara da sauran fallen.

Abin da ya fi damuna shi ne tsatsar da ake ɗora wa ƙarfe laifinta alhali daga shago ta fito. Faifai ko burushin waya da ya taɓa baƙin ƙarfe yana cusa ɓurɓushinsa a cikin layukan sitenles, damina na sauka sai jajayen ɗigo su bayyana. Ka ware wa sitenles kayansa shi kaɗai, ka nemi faifan da aka rubuta wa INOX, wato na sitenles. Shi kansa ƙarfen a tambayi lambarsa. Samfurin 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari. Samfurin 201 kuwa nikel ɗinsa kaɗan ne, ya fi arha, ya fi kuma saurin tabo, kuma maganaɗisu ba zai raba maka su ba tunda duka biyun ba ya kama su sosai. Aikin da zai zauna kusa da teku, kamar Legas, 316 yake so. A waje kuma a sa layin a tsaye, don ruwan sama ya wanke ƙurar hunturu da ta maƙale a ciki.

Kafin ka karɓi kuɗin kafin alƙalami, ka goge guntun ƙarfe guda biyu da lambar samfefar da za ka yi aikin da ita, ka rubuta lambar a bayansu. Ka ba mai aikin ɗaya, ɗaya ya zauna a shago, ranar kai kaya da su za a gwada.