Shagon da ya shirya mini takardun DE zuwa digirin Tarihi

Masu NCE na nan Argungu da ƙauyukan kewaye da ke son wucewa jami'a ta hanyar DE, wato shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ina ba ku shawara ku fara biyawa wani shagon kwamfuta da ke kan hanyar Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie kafin ku kashe kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi. Ba shi da allon suna. Ɗaki ɗaya ne, da kwamfutoci uku, da injin hoton takardu, da benci biyu a gindin dogon yaro, ɗaya na mata ɗaya na maza.

Ni malamar firamare ce. Tarihi da Hausa na haɗa a NCE, na daɗe ina koyarwa kafin maigidana ya ƙarfafa mini gwiwa in koma in ƙarasa. Yanzu ina aji uku a sashen Tarihi, kuma a wannan shago aka fara tsara mini takardu.

Abin da ya fara kwanta mini a rai shi ne mai shagon bai yi mini alƙawarin abin da ba ya hannunsa ba. Ya ce, "Malama, rajistar DE ba a nan ake yin ta ba, sai kin je ofishin JAMB da kanki an ɗauki hoton yatsunki. Nawa shi ne in tabbatar ba a dawo da ke ba." Ya nuna mini yadda zan tura lambar NIN ɗina zuwa 55019 da layin da nake amfani da shi don samun lambar buɗe rajista, ya kuma ja kunnena kada in bari layin nan ya ɓata, domin ta kansa saƙonni za su riƙa zuwa har ranar da za a karɓi gurbi a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbin karatu.

Sai duba takardu, kuma nan ne gwanintarsa take. Yakan shimfiɗa sakamakon WAEC ko NECO, da na NCE, da katin NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma a kan tebur, ya bi suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. A gabana ya gano wa wata ƙanwata da muka je tare cewa sunan mahaifinta ne a gaba a takarda ɗaya, na kakanta a wata. Bai karɓi ko sisi a hannunta ba, ya ce ta je a gyara tukuna. Ya ƙirga mini kiredit biyar ɗin da ake nema har da Turanci, ya duba ko ina da Tarihi ko Gwamnati a ciki, sannan ya buɗe kundin JAMB muka karanta sharuɗɗan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Tarayya da ke Birnin Kebbi tare, saboda kowace jami'a da makin NCE da take so.

Akwai tambayar da ya yi mini da har yau nake yi masa addu'a a kanta: "Tarihi zalla kike so, ko Tarihi da koyarwa?" Digiri biyu ne daban, a tsangaya biyu daban. Mai NCE galibi tsangayar ilimi ake tura shi, inda zai raba lokacinsa tsakanin darussan koyarwa da na Tarihi, ya sake fita koyarwar gwaji. Hanya ce mai kyau ga wanda ya ƙudurta zama a aji. Ni kuwa na riga na yi shekara uku ina koyon yadda ake koyarwa. Abin da ke raina shi ne bincike. Na tashi ina jin kirarin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, a bakin kakata, ina wuce gidan tarihin Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, ban taɓa sanin yadda ake tantance abin da aka ji a bakin manya da abin da aka rubuta ba. Da na faɗa masa haka sai ya ce to in kula da kyau lokacin zaɓen kwas, kada in bari a cike mini a gurguje.

Shagon yana da nakasunsa. Babu farashi a rubuce a bango, sai ka tambaya, kuma na ga abin da aka caji mutum biyu a kan aiki iri ɗaya ya bambanta. Abin da na biya duka bai kai kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi da dawowa ba, amma rubuta farashi zai kawar da zargi. Idan aka ɗauke wuta kuma, janareton ba ya ɗaukar injin hoton takardu da kwamfutoci a lokaci guda, sai layi ya tsaya. Mai goyo ta je da safe.

Babban abin da nake so a sani shi ne iyakar saninsa. Takarda ya sani, ba karatun ba. Ya ce mini, "Aji biyu za ki shiga, kin huta shekara guda." Gaskiya ne, amma ba hutu ba ne. Za ki tarar da 'yan ajinki sun riga sun yi darussan share fage, sun san malamai, sun saba da rubuta amsa mai shafi huɗu da Turanci. A jami'ar da nake sai da muka haɗa da wasu darussan gama-gari na aji ɗaya a kan namu. A NCE, idan kika kawo cewa mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, kin ci maki. A nan za a tambaye ki wa ya rubuta labarin, daga wane ɓangare yake, kuma me Kabawan Argungu suke faɗa a kai. Ni wannan ne ya fi yi mini daɗi, yanzu ma a kan Surame, tsohon birnin Kanta, nake shirin rubuta kundina, amma zangon farko ya ba ni wuya ƙwarai. Wannan sai ki nemi wata da ta riga ki shiga ta faɗa miki.

Idan za ki je, ki tafi da ainihin takardunki, ba kwafi kaɗai ba, da hoton fasfo, da wayar da layinki ke ciki. Ki je da zarar JAMB ta sanar da fara sayar da fom, domin tabbatar da sakamakon NCE daga makarantar da ta ba ki shi yana ɗaukar lokaci, kuma ba a shagon ake yin sa ba.