Manhajar da ta biya direba ɗaya kuɗin hanya sau uku

Ni ke riƙe da ofishin kawuna a Apapa, tirelolinmu na ɗaukar kwantena zuwa Kano da Kaduna. Wani ɗan'uwa daga Agege ya tambaye ni wacce zai saya tsakanin manhajar da ke jera wa na'urori aiki da wadda ake kira BPM, mai tafiyar da aiki tsakanin ma'aikata. Duka biyun na biya kuɗina na yi amfani da su, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Ta farkon muka fara saya. Aikinta shi ne ta haɗa wannan da wancan: takardar kaya ta shigo, ta fitar da rasit, ta tura wa direba saƙo, ta umarci banki ya biya. In wani mataki ya ƙi, ta sake gwadawa da kanta. Danginta su ne irin su Airflow, wadda aka fara a Airbnb a 2014 don sarrafa bayanai, da n8n. Tamu ba ta cikin waɗannan, amma halinsu ɗaya. Wata biyu ina yabonta ga duk wanda ya shigo ofis.

Sai wani daren Alhamis. Direbanmu ya tsaya a Ogere yana jiran kuɗin hanya da na gas. Netwok ɗin banki ya yi nauyi, kuɗin sun fita amma amsa ba ta dawo ba. Manhaja ta ɗauka biyan bai yiwu ba, ta sake turawa, ta kuma sake. Ƙarfe ɗaya saura wayata ta yi ƙara, direba ne: "Yallaɓai, alat uku na gani, ko akwai wani aike ne?" Allah Ya saka wa bawan Allan nan, da safe ya maido da biyu. Da wani ne, sai dai labari. Na buɗe kwamfuta jikina na rawa, sai na ga allon kore shar, wai komai ya tafi daidai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tambayar Kawu. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Wa ya ba da izini?" Na rasa amsa, don babu wanda ya bayar. Yaron da ya ɗora mana manhajar ya ce kamata ya yi kowane biya ya tafi da lambarsa ta daban, yadda banki zai gane shi in ya dawo karo na biyu. Gaskiya ne, ya kuma gyara. Amma me ya hana a faɗa min tun ranar ciniki? Ce min aka yi tana yin komai.

Daga nan muka koma BPM. A nan zana aikin ake yi da alamomin BPMN, wanda sigarsa ta 2.0 ta fito a 2011: akwatuna da kibiyoyi, kowa da layinsa. Ga na akanta, ga nawa, ga na Kawu. Ranar da na nuna masa zanen, da yatsa ya bi kibiya har ya zo kan akwatinsa, ya ce, "To, nan kuɗi za su tsaya sai na ce." Ko sisi ba ya fita sai mutum ya danna, kuma suna da lokaci suna nan a rubuce. Wannan kam ta burge ni, na samu barci.

Sai dai ita ma ta ci min tuwo a ƙwarya. Sati uku muka yi muna zane kafin aiki ɗaya ya bi ta ciki. Kuɗinta da dala ne, kan kowane ma'aikaci, kuma kowa ya san inda naira ta kwana tun daga Yunin 2023. Ta waya kuwa rubutun ƙanana ne, Kawu ba ya son buɗe ta. Lokacin da ya tafi Umara, takardar wata kwantena ta maƙale a akwatinsa kwana biyu, muka biya kuɗin jinkiri a tasha, manhaja tana zaune tana jira. Ashe akwai yadda ake sa mata agogo, in awa huɗu ta wuce babu amsa ta miƙa wa akanta. Sai bayan asarar aka nuna min.

Ta farkon ban yar da ita ba. Ita ke tattara rasitai da dare tana haɗa lissafin rana, kuma a wannan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Kuɗi ne dai ba za ta sake taɓawa ba. Wata mai zuwa za mu sabunta BPM ɗin, kuma na riga na gaya wa Kawu mutum huɗu kawai zan bari a kai.