Ruwan feshin ƙara girman ganye na Sabon Gari: yana aiki, amma batun kashe dafi ƙarya ne

Masu noman rani a bakin Kubanni da Galma wannan naku ne. Akwai wani shagon maganin gona a Sabon Garin Zariya da ake ta rububin ruwan feshinsa na ƙara girman ganye, wanda a jikin robar aka rubuta jibaralin da oksin, wato sinadaran da ke sa shuka girma. Sunan shagon dai na barshi, mai shi dattijo ne kuma kayansa ba jabu bane, da lambar NAFDAC, kwanan wata bai wuce ba, yaronsa ma zai tsaya ya nuna maka murfi nawa zaka zuba a famfo ɗaya. Kuɗin ba laifi.

Aiki kam wallahi yanayi. Alayyahu da latas ɗina ganye fala-fala, 'yan gwari basu ko tsaya dogon ciniki ba.

Inda muka raba gari shine da yaron yace min wai Alhaji in takin bola kake zubawa ko da ruwan kwata kake ban ruwa, feshin nan zai kashe dafin ƙasar gaba ɗaya. Haba malam! Dafin nan fa dalma ne da kadmiyam, su kuwa ƙarfe ne, basa mutuwa basa ruɓewa, in tsohon batir da fenti da tarkacen rediyo suka narke a bola aka kwaso aka watsa a gona to suna nan zaune shekara da shekaru. Shi kuma abin cikin robar nan irin sinadarin da shuka ke haɗawa ne a jikinta, oksin yana sa saiwa ta yawaita, jibaralin yana sa tsayi da faɗin ganye, to ka duba mana, saiwa ta ƙaru ganye ya buɗe shuka tana jan ruwa fiye da da, shi kuwa kadmiyam ruwan yake bi ya hau har ganyen da zaka yanka ka sa a miya. Masu bincike ma da gangan suke gwada oksin a kan shuka irinsu sanfulawa don ta ƙara zuƙe ƙarfen daga gurɓatacciyar ƙasa, daga baya a tumɓuke ta a kawar, ba wanda ke ci.

Gaskiya akwai gwajin da aka ga ƙarfen ya ragu a jikin shuka, abin ya danganta da irin shukar da yawan abinda aka fesa da kuma tsamin ƙasar, don ƙasa mai tsami tafi sakin kadmiyam. Akwai ma wani sinadarin, absisik asid, shi yana tsuke ƙofofin numfashin ganye sai jan ruwa ya ragu, amma babu shi a robar nan, na karanta gaba da baya.

Abinda yafi damuna shine kwalliyar. Shukar da ƙarfe ya dama takan tsumbure ganyen yayi ɗorawa, kana gani kasan da matsala, to feshin sai ya tada ita tayi kore shar kamar lafiya lau, uwar gida ta siya ta dafa ma yara. Kadmiyam ƙoda yake ci a hankali, dalma kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Kowa ya tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a yankin Anka da Bukkuyum, duk da su ƙurar dutsen zinare ce ta jawo ba kayan lambu ba, amma dai dalmar ce.

Kuma mu a Zariya meye uzurinmu, ga Samaru nan, ga IAR, wato cibiyar binciken aikin gona, ga sashen kimiyyar ƙasa na ABU, ɗebi ƙasarka da ganyenka ka kai a auna. In an ga ƙarfe, bar su latas da alayyahu da karas a wurin, ganye da saiwa sun fi tara shi, tumatir da tattasai sun fi dama-dama.

Shagon na basu uku cikin biyar. Zan ƙara siya don gonata ta tudu da nake sa takin shanu. Dattijon kuma don Allah Baba a ja ma yaron nan kunne, mutanen ƙauye duk abinda mai shago ya faɗa ɗauka suke.